Abdulbaƙi Direba da Kogin Etim

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur da ke Makka ya san Abdulbaƙi direba, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, in yana magana a ƙofar shagon Mukhtaru mai tsire ana jin sa har bakin titi. A unguwar Hindawiyya aka haife shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Zazzau a ƙafa, ya yi noma a Chadi, ya yi aikin gonar auduga a Sudan, sai da furfura ta fito masa sannan ya ga Ka'aba, da ya gan ta kuwa bai koma ba. Uban Abdulbaƙi tela ne mai ɗinkin jallabiya, mutum mai shiru-shiru, shi ya sa mutane ke mamakin inda ɗan ya samo baki.

Tun yana saurayi bai yarda da "an ce" ba. In aka ce masa hanyar Hada ta fi ta Sail saurin kai mutum Ɗa'if, sai ya bi duka biyun ya gani. In mai zuma ya rantse cewa ta Yaman ce tsantsa, sai ya ɗanɗana, ya shinshina, ya ɗiga a ruwa, mai zumar na tsaye yana tsaki. Ya yi turin keken tsofaffi a Harami, ya yi dako a kasuwa, daga baya ya samu tasi, daga tasi ya sayi babbar mota ta kansa. Da ita ya rufa wa iyalinsa asiri, ya koma da matarsa Khalida wani gidan bene a unguwar Shisha, ya tsaya wa 'yarsa Nora har ta zama ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a asibiti. Amma hirar la'asar a Mansur bai taɓa barin ta ba, domin can ne ake da masu gardama, kuma Mukhtaru mai tsiren yayan Khalida ne.

Wata shekara wani kamfanin tace ruwan teku ya ɗauki motarsa haya, don ta riƙa kai wani injiniya daga Jidda zuwa Ɗa'if duba bututu. Abdulbaƙi ya zaci Bature zai gani, sai ga baƙar fata, gajere, mai tabarau. Ya gaishe shi da Larabci, mutumin ya yi murmushi kawai. Sun yi nisa sai wayar Abdulbaƙi ta yi ƙara. Khalida ce, tana tuna masa cefane, shi kuma yana cewa hanyarsa ba ta bi ta kasuwa ba. Da ya ajiye wayar sai ya ji murya daga baya.

"Alhaji, ai gara ka sayo mata tumaturin nan a zauna lafiya."

Saura kaɗan Abdulbaƙi ya saki hanya. Sunan injiniyan Etim, mutumin Akwa Ibom ne, amma a Kaduna ya tashi, inda ubansa ya yi aikin jirgin ƙasa. Hausarsa ta fi ta 'ya'yan Abdulbaƙi daɗi. Daga ranar nan Etim bai ƙara zama a baya ba, Abdulbaƙi kuma ya riƙa kiransa Muhandis, wato injiniya da Larabci.

Da yake Etim ba Musulmi ba ne, ba sa ratsa Makka. Sai su bi hanyar da ta kewaye gari ta bayan duwatsu, doguwa, ba abin kallo sai raƙuma jefi-jefi. A nan Abdulbaƙi ya buɗe fulas ɗinsa na shayi da na'ana'a ya zuba wa baƙonsa. Etim ya yi godiya, ya ce ba ya sha. Ya yi masa tayin gahawa, ita ma ya ce a'a.

"Likita ne ya hana ka, Muhandis?"

"Addini ne."

"Wane addini ne ya hana shayi? Na ɗauki Kiristoci da yawa, wasu har fulas ɗin suke ƙarar mini."

Etim ya ce shi ɗan cocin nan ne da mutane ke kira Mormon. Ya ba shi labari a natse, kamar wanda ya saba da a tambaye shi. Ya ce wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, a Amurka, wani saurayi ya ce mala'ika ya nuna masa allunan zinariya a binne a jikin wani tudu. A jikinsu an rubuta tarihin wasu mutane da suka bar Ƙudus tun zamanin dā, suka haye teku, suka zauna a Amurka. Saurayin ya fassara rubutun, shi ne littafin da suke karantawa.

"To madalla," in ji Abdulbaƙi. "Allunan suna wane gidan tarihi? Ai zinariya ba ta ruɓewa."

"Mala'ikan ya karɓe su."

Abdulbaƙi ya buga sitiyari da tafin hannu. "Muhandis! Kai da kake sa a tone bututu don ka ga tsatsa da idonka?"

Etim bai ji haushi ba. Ya ce akwai mutanen da suka shaida sun ga allunan, wasunsu har sun ɓata da saurayin daga baya, amma ba su janye shaidarsu ba. Ya ce ban da wannan, su ana ce musu mutum ya karanta, ya roƙi Allah ya nuna masa gaskiya, zai ji amsa a zuciyarsa, kuma shi ma wannan gwaji ne.

"In na ji amsa, kun ci. In ban ji ba fa?"

"Wataƙila ba ka roƙa da zuciya ɗaya ba."

"To wannan gwajin ba a faɗuwa a cikinsa ke nan."

Da la'asar Abdulbaƙi ya kai labarin can Mansur. Mukhtaru yana barbaɗa yaji a kan nama yana saurare, da aka gama ya girgiza kai. Shi a ganinsa imani ba abin ɗorawa a kan ma'auni ba ne. Ya ce kowa da abin da ya tashi a ciki, kuma wanda ya ce zai auna addinin wani, ya shirya a auna nasa.

"Su zo su auna," in ji Abdulbaƙi. "Ni ban ji tsoro ba."

Nora ce ta raba masa zancen gida biyu, wata Juma'a suna cin abincin rana. Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Larabci, amma kanta a tsaye yake.

"Abuya, zancen mala'ika ba shi da gwaji. Ba na'urar da za ta ce ya zo ko bai zo ba. Amma in aka ce wata al'umma ta taso daga Ƙudus ta cika wata ƙasa, wannan jini yana riƙe da shi. An yi binciken ƙwayoyin gado na mutanen asalin Amurka, kuma wajen Asiya ya nuna."

Abdulbaƙi ya tafi Jidda da wannan magana kamar wanda ya tsinci makami. Ko gaisuwa ba su gama ba ya sauke wa Etim ita. Ashe Etim ya daɗe da sanin ta. Ya ce mai yiwuwa mutanen ba su da yawa, gida ɗaya ne ko biyu, suka shiga cikin jama'a mai ɗimbin yawa, jininsu ya narke a ciki. Abdulbaƙi ya komo wa Nora da amsar yana jiran ta rushe ta, sai ta ce gaskiya hakan na iya faruwa in mutanen kaɗan ne ƙwarai. Ya tashi daga gaban abinci yana mita, wai duk inda ya kama mutumin nan sai ya sulɓe.

Haka suka yi ta yi wata da watanni a kan hanyar Ɗa'if. Gardamar ba ta hana Etim sayo wa Khalida man ja daga wajen 'yan garinsu a Jidda ba, ba ta kuma hana Abdulbaƙi tsayawa a Hada ya saya masa rumman ba. Rannan, cikin hira, Etim ya ce ai littafinsu ya faɗi cewa mutanen nan ta ƙasar Larabawa suka biyo. Suka sauka kusa da Bahar Maliya, a wani kwari mai kogi wanda ruwansa ba ya yankewa, yana zuba a teku.

Abdulbaƙi ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Yanzu ka shigo gidana, Muhandis. Na tuƙa mota a gaɓar nan tun daga Jazan har kusa da iyakar Jodan. Kwari akwai, ambaliya akwai in an yi ruwan sama. Amma kogi mai gudu rani da damina? Babu shi."

Etim ya ce wasu 'yan cocinsu sun ce sun gano wurin, can arewa a yankin Tabuka, kusa da wani gari da ake kira Magna. Shi dai hotuna kawai ya gani.

"Ni ba na aiki da hoto. Yaushe hutunka?"

Da Khalida ta ji, sai ta riƙe haɓa. "Baban Nora, yanzu har Tabuka za ka don kawai ka kayar da bawan Allah a gardama?" Ta yi ta faɗa, amma ita ce ta haɗa musu guzuri: dambun nama, dabino, gurasa, fulas na shayi, da wata babbar gora ta zoɓo don baƙon da ba ya shan shayi.

Cikin sanyi suka tafi. Suka wuce Yanbu, suka kwana a Duba, da safe suka ci gaba, teku na hagunsu, duwatsu na damansu. Abdulbaƙi yana ta nuna busassun kwaruruka yana cewa ga koginka nan, ga wani can. Etim yana dariya, amma da suka kusa sai dariyar ta ragu. Hantsi ya yi suka isa. Wani jan dutse ne mai tsayin gaske ya tsage gida biyu daf da teku, da 'yan itatuwan dabino a bakin tsagar. Suka ajiye mota suka shiga a ƙafa. Ciki da sanyi, sama ta koma siririn zare a kansu. Abdulbaƙi na gaba, muryarsa na bugun dutse tana dawowa, yana bayanin yadda zai ba da labari a Mansur.

Sai ya ja ya tsaya. Ya ji wani ƙaramin sauti a ƙasa.

Ruwa ne, garai-garai, yana gudu a kan tsakuwa. Abdulbaƙi ya daɗe a tsaye yana kallon sa. Ya tsuguna ya sa hannu, ya kai baki. Ba gishiri. Can gaba suka tarar da wani dattijo ɗan yankin zaune a inuwa, Abdulbaƙi ya yi masa sallama ya tambaye shi ko ruwan sama aka yi kwanan nan. Dattijon ya ce a'a, ruwan nan daga ido yake fitowa, shi tun tasowarsa bai ga ya ƙafe ba. Ya ƙara da cewa ai nan Annabi Musa ya biyo da mutanensa. Abdulbaƙi ya tambaye shi wa ya faɗa masa, ya ce haka suka ji daga kakanni.

Da Abdulbaƙi ya waiwaya sai ya ga Etim ya cire tabarau yana share ido. Abdulbaƙi ya bar shi, ya je ya zauna a kan wani dutse har sai da mutumin ya dawo daidai.

"Na ce babu ruwa, ga ruwa," in ji Abdulbaƙi. "Wannan ka ci ni, kuma zan faɗa a gaban kowa."

Sannan ya miƙe, ya ɗaga jallabiya, ya tsallake ruwan da taki ɗaya, ya sake tsallakowa.

"Amma tsakaninka da Allah, wannan ne kogi? Ka kuma gani da idonka, bai kai teku ba yashi ya shanye shi."

Etim ya ce zamani ya yi nisa, ƙasa tana canzawa, ruwa yana raguwa. Abdulbaƙi ya ce zai yiwu, shi bai musa ba. Amma ko da kogi ne mai cin mutum, ruwan bai faɗa musu wanda ya sauka a bakinsa ba. Ga dattijo can yana cewa Annabi Musa, ga Etim yana cewa mutanen littafinsu, ruwan kuwa gudunsa kawai yake yi.

"Bari in tambaye ka, Muhandis. Da mun zo mun tarar da wurin nan a bushe ƙamas, me za ka ce?"

Etim ya dubi ruwan. Mutum ne da ba ya son ƙarya ko a wasa.

"Da na ce ba wannan kwarin ba ne."

"Sai mu nemi wani?"

"Sai mu nemi wani." Ya yi 'yar dariya, ya mayar da tabarau.

"Ashe ba kwarin ke riƙe da kai ba."

"Ba shi ba ne, Alhaji." Etim ya zauna kusa da shi. Ya ce lokacin da yake yaro ubansa mashayi ne, in ya shigo gida kowa sai ya nemi lungu. Bayan da iyalin suka shiga cocin nan uban ya bar giya, gidansu ya zama gida. Shi kuma da ya girma ya yi addu'ar da ake faɗa, ya ji abin da ya ji. "Wannan ba zan iya zuba maka shi a kwalba ka kai wa Nora ba."

"Wannan ba ni da ta cewa a kansa," in ji Abdulbaƙi. "Allah ya saka wa mahaifinka da ya hutar da ku. Amma zancen mutanen da suka haye teku suka gina garuruwa, wannan zancen ƙasa ne, ƙasa kuwa ana tambayar ta. Har yanzu ba ta ba ka amsar da kake so ba."

"Kai ma yau ba ta ba ka wadda ka zo nema ba." Etim ya dube shi. "To kai fa? Duk abin da ka yi imani da shi ka taɓa shi da hannu?"

"Ban taɓa ba. Mala'iku, hisabi, Aljanna, sunansu gaibu a wajenmu. Na karɓe su a haka, ban kuma taɓa ce wa kowa ya ɗauko shebur mu je in nuna masa ba."

Etim ya ce shi ma ba shebur ya kawo shi addininsa ba. Abdulbaƙi ya ce to su bar kiran ruwan nan hujja. Etim ya ce shi alama ya kira shi. Suka yi ta ja a kan bambancin hujja da alama har rana ta take tsaka, ba wanda ya sauka. Abdulbaƙi ya yi alwala da ruwan ya yi azahar a kan yashi, Etim ya shimfiɗa guzuri ya jira shi, suka ci tare da dattijon.

Ranar da ya koma Mansur majalisa ta cika, don kowa ya san abin da ya kai shi Tabuka. Ya zauna, aka miƙo masa tsire, ya ci tsinke ɗaya tukuna.

"Akwai ruwa," ya ce.

Wuri ya kaure. Ya bari suka lafa, sannan ya ba da labarin tun daga farko, bai rage faɗin ruwan ba, bai kuma ƙara masa ba. Wani daga cikinsu ya ce ai da ya ce kawai a bushe ya tarar, wa zai je ya duba? Abdulbaƙi ya juya masa, ya ce addinin da sai an yi masa ƙarya zai tsaya ba nasa ba ne, kuma kada a ƙara faɗa masa irin wannan. Mukhtaru ya ce duk da haka maganarsa ta fito: an ƙona mai, an gaji da mota, Etim na nan a Mormon ɗinsa, Abdulbaƙi na nan a Musuluncinsa, ashe imani ba ya aunuwa. Abdulbaƙi ya ce ba haka ba ne. Ya ce a cikin kowace magana akwai ɓangaren da ake zuwa a duba, akwai wanda ba a zuwa, kuma laifin mutane shi ne cakuɗa su. Har yau shi da Mukhtaru ba su daidaita a kan wannan ba.

Kwantiragin Etim ya ƙare bayan shekara biyu, ya koma Uyo. Abdulbaƙi ne ya kai shi filin jirgi. Suna aika wa juna saƙon murya, rabi gaisuwar iyali, rabi gardama. In Etim ya ji an tono wani abu a wani wuri sai ya turo, Abdulbaƙi ya kai wa Nora ta karanta masa, ya mayar da amsa mai tsawo.

Da aikin kamfani ya ƙare, sai ya koma ɗaukar masu Umara yana kai su ziyara: Arfa, Mina, gindin Dutsen Nur, Dutsen Saur. A nan ne abin da ya gani a Magna ya bi shi. Direbobin ziyara suna da labarai iri-iri, kowane dutse da abin da aka ce ya faru a kansa, kowane rami da wanda aka ce ya taka shi. Abdulbaƙi ya shiga rarrabe wa fasinjojinsa zance. Ya ce wannan malamai sun tabbatar, wannan kuwa direbobi ne ke faɗa. Wasu shugabannin ayari ba su so haka ba, suka koma wa masu zaƙin baki. Wasu kuwa shi suke nema da suna tun daga gida.

A Umarar azumin bara ya ɗauki wata tsohuwa 'yar Gumel da 'ya'yanta mata biyu. Suna wucewa ta gefen wani dutse sai ta ce ya tsaya. Ta nuna masa wani ɗan rami a jikin dutsen, ta ce direban da ya kawo maƙwabciyarta ya ce sawun raƙumin wani annabi ne, ita ma tana so ta sauka ta gani.

"Hajiya, in kina son sauka zan tsaya. Amma ni ban san wannan zance ba."

"Kai ɗan Makka ne kuwa?"

"Nan aka haife ni, nan aka haifi ubana."

"Kuma ba ka sani ba?"

"Wanda ya faɗa wa maƙwabciyarki ma bai sani ba, Hajiya."

'Ya'yan suka sunkuyar da kai, suna jiran faɗa, don sun san halin uwarsu. Tsohuwar ta dubi ramin, ta dubi ƙeyar direban, ta gyara mayafinta ta koma ta jingina.

"To ja mu tafi, ɗan nan. Kai ni inda ka sani."

Ya ta da mota ya nufi Arfa da su.